Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin kasuwannin Legas kan masu ciwon huhun da suka daina fitowa majalisa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakunan Hausawa na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago. Allah gafarta malamai, limamanmu. Shugabannin kasuwa da na tasha da na mahauta, muna gaishe ku, Allah ya ƙara girma.

Mu 'ya'yanku ne, ma'aikatan lafiya 'yan Arewa da ke aiki a asibitocin wannan gari: likitoci, ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magani da masu koyar da motsa jiki. Mun ari bakin waɗansu 'yan'uwanmu ne da ba su da numfashin tsayawa gabanku su yi dogon bayani, wato masu fama da ciwon huhun da ba ya warkewa gaba ɗaya. Akwai mai toshewar hanyoyin iska da likitoci ke kira COPD, akwai mai asma da ta yi tsanani, akwai wanda ya warke daga tarin fuka amma ya bar masa tabo a huhu, akwai wanda bututun huhunsa suka buɗe suna tara kaki kullum. Idan aka shirya taron lafiya a unguwanninmu, hawan jini da ciwon suga ake aunawa, madalla da hakan. Huhu kuwa ba a tuna shi. Maganar waɗannan mutane takan iso fada ne ta wata ƙofa dabam: mata ta kawo ƙarar miji ya zama mafaɗaci, abokan ciniki su ce wane ya yanke zumunci, maƙwabta su ce ya daina jam'i. Sai a yi masa nasiha a kan hali, alhali ƙirjinsa ya kamata a fara dubawa.

Kun fi mu sanin sana'o'in mutanenmu a nan. Mai suya yana kan tukuba daga la'asar zuwa tsakar dare. Mai babbakar kai da ƙafa da ganda yana cikin hayaƙi tun asuba. Direban tirela yana kwana a layin Apapa da Ijora cikin hayaƙin dizal, ɗan dako yana sauke buhunan hatsi da barkono cikin ƙura, ɗan bola yana kusa da shara mai ci da wuta, mai shayi yana sunkuye kan risho. Da dare a koma ɗaki ɗaya mutum shida, a rufe taga saboda sauro, a kunna maganin sauro na hayaƙi, janaretan maƙwabci na aiki a bakin ƙofa. Wasu kuma ga taba a kai. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a shekarar 2018 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce COPD ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, ta zo ta uku a jerin cututtukan da suka fi kisa a duniya. Amma tun shekaru kafin ciwon ya kai mutum kushewa, yakan raba shi da mutane, kuma kukanmu ke nan.

Kuka na farko, wanda ya fi tsawo: muna yi wa numfashi hukuncin hali.

Magana iska ce mai fita. Mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, ya saƙa zancensa a tsakani bai ma sani ba. Mai COPD shigar iska ba ta fi ba shi wahala ba, fitarta ce wahalar. Ƙananan hanyoyin iskarsa sun ƙuntace, huhun ya saki kamar tsohuwar roba, don haka tsohuwar iska ba ta gama fita kafin ya buƙaci sabuwa. Ƙirji ya cika ya kumbura, kowane ja ya zama aiki. To ku duba gaisuwarmu: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya jama'a, ya baƙunta, kowace da amsarta, ga durƙuso idan babba ne. Mutumin da ya hau bene hawa biyu yana haki ba zai iya wannan ba. Sai ya ce "lafiya" sau ɗaya ya ɗaga hannu. Daga nan a ce ya yi kuɗi yana ji da kansa, ko a ce yana riƙe da wani a zuciya.

Dariya ma takan tayar masa da tari mai tsawon minti biyu, har idanu su yi ja, jama'a su yi tsit suna kallo. Idan hakan ta faru sau uku, mai barkwancin majalisa zai koyi ɗaure fuska. Cin abinci a kwano ɗaya ya gagare shi, domin ba a haɗiya da numfashi a lokaci guda, ga cikakken ciki yana tokare tantanin da ke ƙarƙashin huhu. Kafin ya kai loma biyar an share kwano, sai ya gwammace ya ci shi kaɗai. Rakiyar gawa, wadda ake yi da sauri, ta fi ƙarfinsa, kuma kun san abin da ake cewa a kan wanda ba a gani a jana'iza.

Saurin fushin kuwa yana da tushe fiye da ɗaya. Tari yana tashe shi sau da yawa cikin dare, ba ya iya kwanciya sai da matashi biyu ko uku, wani a zaune yake kwana. Ƙarancin iskar oksijin a jini yana kawo ƙunci, mantuwa da rashin tattara hankali, ɗan kasuwar da ke lissafi da ka ya fara ɓata canji. Idan iskar kabon da ya kamata ta fita ta taru a jini, sai ciwon kai da safe, gyangyaɗi da rana, wani lokaci ruɗewa, a ce ya zama malalaci ko an yi masa sammu. Magungunan ma suna da hannu. Salbutamol, maganin shaƙa na feshi wanda aka fi sani da Ventolin, yana sa karkarwar hannu da bugun zuciya idan aka yawaita. Ƙwayar prednisolone tana hana barci, tana sa zafin rai da sauyin yanayi. Tiyofilin yana sa rashin natsuwa.

Sai tsoro. Wanda numfashi ya taɓa sarƙe masa a cikin cunkoson danfo, ko a tsakiyar gadar masu tafiya a ƙafa kan titin Ikorodu, ba ya mantawa. Tsoron yana sa numfashi sauri, saurin yana ƙara tara iska a ƙirji, ƙirjin ya ƙara sarƙewa. Mafita mafi sauƙi a wurinsa ita ce ya daina fita. A nan ne asarar take: zama wuri ɗaya yana zubar da naman cinya cikin makonni kaɗan, raunanan ƙafafu kuma sun fi jawo haki a ɗan ƙaramin aiki. Wanda bara yake tsayawa hutu bayan tafiyar mita 100, bana sa riga ma sai ya huta. Ciniki ya tsaya, aike gida ya tsaya, mutumin da ya zo Ikko don ya ciyar da dangi ya koma ana ciyar da shi. Ciwon damuwa yana shiga ta nan, kuma ciwo ne da ke da magani. Wasu ba za su taɓa furta shi ba don kada a ce ba su da tawakkali.

Kuka na biyu: sunan ciwon kansa yana kore su. A bakinmu asma fuka ce, tibi kuma tarin fuka, don haka duk mai dogon tari da rama kallo ɗaya ake yi masa. A ware masa kofi da buta, a janye tabarma, mai shayi ya ɗauraye kofinsa dabam a gaban mutane. COPD ba ta yaɗuwa. Asma ba ta yaɗuwa. Tabon da tarin fuka ya bari bayan an kammala magani aka tabbatar da warkewa ba ya yaɗuwa. Tarin fuka mai rai shi ne ke yaɗuwa, ta iska, a ɗaki marar taga, kofi da cokali ba ruwansu. Gwajin kaki ne ke rarrabewa, maganinsa na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma galibi bayan kimanin mako biyu ana shan maganin da ya dace haɗarin yaɗawa yana raguwa ƙwarai. Yau abin ya juye mana: wanda ba ya yaɗa komai mun kore shi, mai yaɗawa kuma yana ɓoye tarinsa don gudun kora, yana kwana cikin mutane.

Kuka na uku ya shafi masallatai da wuraren taro. Turaren wuta a rufaffen masallaci, tsohon kafet da ba a bugewa, janareta a gindin taga, sahun da sai an hau bene, doguwar tsayuwa, sujudar da ke matse ƙirji. Kowanne ƙarami ne a idon mai lafiya. Dattijon da ya shekara talatin a sahun farko yana jin kunyar a gan shi a kujera, sai ya zaɓi sallah a ɗaki, ya rasa wurin da ya saba ganin mutane sau biyar a yini. A watan azumi kuma wasu kan ajiye abin shaƙarsu daga asuba zuwa magariba, a kawo su asibiti a gigice.

Na huɗu, mata. Su suka fi daɗewa kan gawayi da itace da risho a lungu marar iska, wasu suna tuyar ƙosai da awara na sayarwa shekara da shekaru, ba su taɓa riƙe sigari ba. Akwai abin da ba sa faɗa wa kowa: tari mai ƙarfi yana sa ɗigon fitsari, musamman ga wadda ta haihu da yawa. Saboda wannan kaɗai mace kan daina zuwa biki da suna da Islamiyya, ga hayaƙin turaren wuta da ƙamshin humra da ke jiran ta a can. Sai a ce ta fiye miskilanci. Haki a shimfiɗar aure ma yana raba ma'aurata, kowa na zargin ɗan'uwansa da juya baya. Dukan biyun ana iya sauƙaƙa su idan an gaya wa ma'aikaciyar lafiya.

Na biyar, magani barkatai. Mafi yawan waɗanda muke magana a kansu ba a taɓa auna huhunsu ba. Daga kemis zuwa kemis suke, yau maganin tari, gobe allura. Prednisolone da ake ba mai COPD na kwana biyar kacal idan ciwon ya tashi, wani sai ya shekara yana sha kullum don yana jin sauƙi, har fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Wanda kuma ya daɗe a kansa, yanke shi farat ɗaya haɗari ne, sai likita ya rage a hankali. Mai rashin barci ya nemi diazepam ko tramadol ko kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a maganin tari tun 2018. Dukansu suna danne numfashi, suna iya sa mai tara iskar kabon ya kwanta bai tashi ba. Tsada ma ta ƙaru tun da kamfanin GSK mai magungunan shaƙa na Ventolin da Seretide ya sanar da sauya tsarin kasuwancinsa a Najeriya a watan Agustan 2023. Mutane suka koma tattalin feshi, suka watsar da abin shaƙa na rigakafi, wanda shi ne ke hana ciwon tashi.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Idan aka kawo ƙarar wani a kan sauyin hali, a fada ko wurin liman ko ofishin kasuwa, kafin a yi sulhu a tambaya: yana tari fiye da mako biyu? Yana haki idan ya hau bene ko ya yi sauri? Yana kwana a zaune? Mene ne sana'arsa, shekara nawa yana cikin hayaƙi? Idan an samu e ko da biyu, a haɗa shi da wanda zai raka shi asibiti. A fara da gwajin kaki da hoton ƙirji don a cire tarin fuka, sannan gwajin hura iska da ake kira sifirometiri. Ba allura, ba jini. Ana toshe hanci, mutum ya ja iska iyakar iyawarsa, ya hura da ƙarfi a bututu har ta ƙare, aƙalla sau uku. Sai a ba shi salbutamol feshi huɗu, a jira minti 15, a sake. Idan abin da ya fitar a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 cikin 100 na dukan abin da ya fitar ba, akwai toshewa. Akwai sashen masu ciwon ƙirji a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, a maƙwabtakar mutanenmu, da LASUTH a Ikeja.

Muna roƙon limamai su ware huɗuba guda a kan wannan. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya wadatar: ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Haka umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mai limanci ya sassauta domin a bayansa akwai mai rauni da marar lafiya da mai buƙata. A sa kujeru uku ko huɗu a hawa na ƙasa kusa da ƙofa ko taga, kuma liman da bakinsa ya gayyaci dattijon ya zauna, kunyar za ta faɗi. A yi turare awa guda kafin sallah a buɗe tagogi. A matsar da janareta nesa da taga, bakin hayaƙinsa ya kalli waje. Hukuncin abin shaƙa ga mai azumi naku ne, malamai sun yi saɓani kuma manya da dama sun ce ba ya karyawa. Mu dai roƙonmu a yi bayaninsa tun a Sha'aban, tare da rangwamen da suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya.

Ku ba mu fili. Abin da ya fi kowace ƙwaya mayar da waɗannan mutane cikin jama'a shi ne ajin motsa jiki na masu ciwon huhu: sau biyu a mako, mako shida zuwa takwas, mutum takwas ko goma a tare, ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. An tabbatar yana rage haki, yana rage tsoro da damuwa. Harabar makarantar Islamiyya ta isa, in dai akwai shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawon mita 30 da kujeru. Ranar farko a auna nisan da mutum zai yi cikin minti shida, a rubuta, a sake aunawa a ƙarshe ya ga bambanci da idonsa. Ana tafiya har a yi hakin da mutum zai iya faɗin gajeriyar jimla, a huta, a ci gaba. Ana tashi da zama daga kujera sau goma, ana ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya, wato kilo ɗaya, a kowane hannu. Ana koyon shaƙa ta hanci a ƙirga biyu, a fitar ta tsukakken baki kamar mai hura koko a ƙirga huɗu, wannan ke hana ƙananan hanyoyin rufewa kafin iska ta gama fita. Idan numfashi ya sarƙe, a zauna a ɗan sunkuya, hannuwa bisa gwiwa, a sa mafici ko ƙaramar fanka ta bugi fuska. Na mata dabam, da mace mai koyarwa. Rabin amfanin ajin ma shi ne mutum ya zauna da waɗanda ba sa juyowa idan ya yi tari.

A wurin ne kuma za mu gyara yadda ake shaƙar magani, domin da yawa a harshe suke fesa shi ya tafi ciki. A girgiza, a fitar da iska, a rufe leɓe a kan bakin, a danna sau ɗaya daidai lokacin da aka fara ja a hankali, a riƙe numfashi daƙiƙa goma, a jira kamar rabin minti kafin na biyu. Wanda hannunsa da numfashinsa ba sa haɗuwa, gorar roba mai rabin lita tana taimako: a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a fesa sau ɗaya a ciki, a ja numfashi huɗu zuwa shida ta bakin gorar. Bayan na rigakafi a kurkure baki a zubar, in ba haka ba farin ƙuraje da dushewar murya su biyo baya. Gwangwanin salbutamol feshi 200 ne. Wanda ke ƙarar da guda a wata, ciwonsa bai kwanta ba, ya koma wurin likita.

Ƙungiyoyin kasuwa su sauya wa ɗan'uwa aiki maimakon su sallame shi. Mai suyan da huhunsa ya gaji ya koma yanka da karɓar kuɗi nesa da tukuba, ɗan dako ya koma ƙidayar buhu. Daga kuɗin ƙungiya a sayi na'urar yatsa mai auna oksijin, a ajiye a ofis. Mai lafiya yana nuna 95 zuwa sama. Mai COPD da ake ba oksijin kuwa tsakanin 88 da 92 ake so ya tsaya, buɗe masa tukunya har ƙarshe na iya tara masa iskar kabon. Yatsa mai sanyi ko jan farce yana ɓata awon, kuma a baƙar fata na'urar kan nuna sama da gaskiya kaɗan, saboda haka a dubi mutumin ma. Leɓe ko harshe ya yi toka-toka, ba ya iya ƙarasa jimla, yana ruɗewa ko barci yana rinjayarsa, yana kakin jini: wannan ba na tofi da jira ba ne, a kira lambar gaggawa 112 ko 767. Inda akwai tukunyar oksijin a ɗaki, ba taba, ba risho, ba kasko.

Ku da ke da ƙofa a Alausa, hedkwatar gwamnatin jiha, ku isar wa Ma'aikatar Lafiya ta jiha buƙatu uku: na'urar gwajin hura iska a manyan asibitocin da ke kusa da zangunanmu, tabbacin samun abin shaƙa na rigakafi ga masu rajistar inshorar Ilera Eko, da tafinta mai jin Hausa a ranakun ganin masu ciwon ƙirji. Mutumin da numfashinsa bai kai jimla ba, a ce ya yi bayani da Turanci ko Yarabancin da bai ƙware ba, zai ce "ba komai" ya tashi. Ranar COPD ta duniya tana faɗowa Laraba ta uku a watan Nuwamba, ta tarin fuka kuma 24 ga Maris. Ko ɗaya daga cikinsu ta isa a fara taron awo a fada.

Sai dubiya, wadda ba ta buƙatar izinin kowa. A je mutum biyu ko uku, kada a cika ɗaki. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Bayan la'asar ya fi, domin da safe kaki ya fi damunsa. Kada a shafa turare mai ƙarfi. A taƙaita gaisuwa, a ce masa ya amsa da ka. Ku ba shi labarin kasuwa da na gida maimakon ku yi ta jera masa tambaya, in ya fara magana ya tsaya jan numfashi kada a ƙarasa masa. A nemi shawararsa a kan abin da ya sani, farashin shanu ne ko sasanta rigima. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini ya fi masa tulin tuwo sau biyu. Kuma wani na kusa ya keɓe da shi ya yi masa tambaya biyu: a mako biyun nan, ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba so? Kana jin baƙin ciki ko yanke ƙauna mafi yawan kwanaki? Idan ya ce e, a gaya wa likitansa. Idan ya fara cewa gara ya huta ko ya zame wa mutane kaya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba.

A shirye muke mu zo duk fada ko masallaci ko kasuwar da ta kira mu a ranakun hutunmu, da na'urar yatsa da gorunan roba, ba tare da an biya mu ba. Ku sanya mana rana da wuri.

Allah ya ja zamaninku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Daga 'ya'yanku, ma'aikatan lafiya 'yan Arewa mazauna Legas.